Johanneum ta Hamburg: me ya sa har yau ake ɗora wa yara Latin da tsohon Girkanci?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so masana cikinmu su warware mana wani abu game da makarantar nan ta birnin Hamburg na Jamus mai suna Johanneum. Ta gwamnati ce, ba a biyan ko sisi, kuma a ƙasar da ta yi suna wajen ƙera injuna take. Amma yaro ɗan shekara goma na shiga za a ɗora masa Latin, bayan shekara uku a ƙara masa tsohon Girkanci. Harsuna biyu ke nan da babu kasuwar da ake ciniki da su a duniya. Daga ina wannan tsari ya samo asali, kuma me yaro ke fita da shi? Ɗan'uwanmu mazaunin can da ɗansa ya kai aji huɗu, ya kai shi ko ya nemi wata?

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, Baban Sadiya. Tushen abin addini ne. Bayan rigimar Martin Luther da cocin Katolika ta ɓarke a 1517, biranen arewacin Jamus suka riƙa bin sa ɗaya bayan ɗaya. Majalisar Hamburg ta gayyato na hannun damansa, Johannes Bugenhagen, ya tsara musu harkar coci da makaranta da kula da matalauta. Shi ya buɗe makarantar a 1529, a cikin gidan ibadar 'yan ɗarikar Dominika mai suna Johannis, a wurin da dandalin gaban majalisar birnin yake yanzu. Daga sunan gidan ne makarantar ta sami nata. Babu sakandaren da ta girme ta a Hamburg, kuma a 2029 za ta cika shekara 500.

A wancan zamani harsunan nan kayan aiki ne. Mabiya Luther na son limaminsu ya karanta littafinsu da harshen asali, Sabon Alkawari kuwa da Girkanci aka rubuta shi. Latin shi ne harshen jami'a a duk Turai, da shi ake karantar da shari'a da likitanci. Wanda bai iya shi ba ko ya shiga jami'a zaman kurma zai yi.

A lokacin kuma makarantar ita ke samar wa cocin birnin mawaƙa. Shi ya sa muƙamin malamin kiɗanta ya zama babba, mai riƙe da shi ne ke kula da kiɗan manyan coci biyar na Hamburg. Fitaccen mai tsara kiɗa Telemann ya riƙe shi daga 1721 har rasuwarsa a 1767, Carl Philipp Emanuel Bach ya gaje shi daga 1768 zuwa 1788.

A ƙarshen ƙarni na 18 makarantar ta yi sanyi, don Hamburg garin fatake ne, kuma attajiri ya fi son ɗansa ya iya lissafin kaya da Ingilishi da Faransanci. Johann Gurlitt, da aka ba shugabancinta a 1802, shi ya farfaɗo da ita. A shekarun 1830 aka ware reshe na daban don masu son darussan zamani, uwar makarantar ta ci gaba da tsofaffin harsuna. Ta koma sabon gini a Speersort a 1840, sannan a 1914 ta tare a unguwar Winterhude, inda take har yau. Fritz Schumacher ne ya zana ginin: jan bulo, ɓangare uku sun kewaye tsakar gida, ta bakin titi kuma jerin ginshiƙai masu baka, ga mutum-mutumin Bugenhagen a harabar.

Injiniya Sabo:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma da bakinka ka kawo hujjata. Ka ce kayan aiki ne a da. To aikin ya ƙare. Jami'o'in Jamus sun daina karantarwa da Latin tuntuni. Tun 1900 Prusiya, babbar masarautar Jamus ta lokacin, ta daidaita takardar makarantun kimiyya da ta masu tsofaffin harsuna wajen shiga jami'a. Yau ko likitanci ba ya neman takardar Latin, kwas ɗin kalmomin likitanci ake yi a farkon karatu, shi ke nan. Awa huɗu ko biyar a mako na shekara da shekaru, da an zuba su a lissafi ko kwamfuta ko Sifaniyanci ai da yaro ya ga amfaninsu a aljihunsa.

Malam Ɗanjuma:
Injiniya, dalilin farko ya ƙare, wannan gaskiya ne. Amma wani ya maye gurbinsa tun farkon ƙarni na 19. Wilhelm von Humboldt, da ya riƙe harkar ilimi a Prusiya a 1809 zuwa 1810, ya tsaya kan cewa aikin sakandare shi ne ta gina hankalin mutum kafin a koya masa sana'a, kuma nazarin harshe da lissafi su ne hanyar. Hamburg ba ƙarƙashin Prusiya take ba, birni ne mai cin gashin kansa, amma wannan tunani ya game duk Jamus. A kansa Johanneum take tsaye har yau.

Malama Rakiya:
Yayyena, kafin ku yi nisa bari a ga abin da ake yi a cikin ajin, don da yawa na zaton hira ake koya wa yaro da Latin. Ba a magana da shi. Fassara ake yi daga Latin zuwa Jamusanci, jimla bayan jimla.

Ga misali irin na makonnin farko. *Puella puerum videt*, yarinya tana ganin yaro. *Puellam puer videt*, yaro ne ke ganin yarinya. Jerin kalmomin bai canja ba, yarinya na farko a duka biyun, amma harafin *m* ya tashi daga kan yaro ya koma kanta, sai ma'ana ta juye. Duk wanda ya zauna gaban malamin nahawu a zaure ya san wannan, shi ne *daraba Zaidun Amran*, wasalin ƙarshe ke nuna wanda ya yi duka da wanda aka daka. Larabci na da halaye uku ga suna, Jamusanci huɗu, Latin shida, kuma sunayen sun kasu gida biyar, kowane gida da ƙarshensa. Yaron da ya yi shekara yana wannan ba ya ƙara karanta jimla da ka. Sai ya nemo aikatau, ya nemo mai aikatawa, ya duba kowane ƙarshen kalma kafin ya ce ya gane. Wannan ɗabi'ar ita ce ribar, kuma tana bin sa zuwa takardar yarjejeniya da tambayar lissafi.

Shekarun farko da littafin koyo ake yi. Daga baya a shiga rubutun mutanen Rum na ainihi, irin su Caesar da Cicero da Ovid. Girkanci na shigowa a aji takwas da haruffansa 24, sannan a kai ga masanin falsafa Plato da mawaƙi Homer. Ingilishi na tafiya tare da Latin tun aji biyar, ba a yar da shi ba, haka lissafi da kimiyya, duk manhajar birnin ce.

Inda yara ke faɗuwa kuwa sananne ne. Kalmomi taruwa suke yi. Yaro ya haddace na gwajin gobe, ya ci, ya manta. A shekarar farko ba a ganewa, don jimlolin gajeru ne. A shekara ta uku sai ga jimla mai layi huɗu, rabin kalmominta na aji biyar ne da ya zubar, ga Girkanci ya sauka a kansa, ga shekarun balaga. Maganinsa minti goma zuwa sha biyar kullum, da ƙananan katuna, Latin a gaba Jamusanci a baya, wanda ya kuskure ya koma farkon layi. Awa uku a daren jarrabawa ba ta maye gurbin wannan.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da ya ja ni cikin zancen nan shi ne mutumin da kakanninmu suka sani da Abdulkarim, wato matafiyin nan Heinrich Barth. Heinrich Barth ɗan Hamburg ne, an haife shi a 1821, kuma a Johanneum ya yi karatu daga 1832 zuwa 1839, wato a tsohon gidan ibadar nan, shekara ɗaya kafin a tashi daga cikinsa. Daga nan ya tafi jami'ar Berlin, ya yi digirinsa na dakta a 1844 kan cinikin tsohon birnin Korinti na Girka.

Ku dubi abin da ya yi da wannan horo. Ya shigo Agadas a 1850, Katsina da Kano a farkon 1851, ya zauna Kukawa, ya bi ta nan Damagaram, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya yi watanni a Tumbutu, ya koma Turai a 1855. Hausa da Barbarci yake yi da mutane ba tafinta. Ya tattara kalmomin Hausa da Barbarci da Fulatanci da na Sangai ya jera su yana kwatanta nahawunsu. A Gwandu ya sami tsohon littafin tarihin daular Sangai da Larabci, ya zauna ya kwafi abin da ya iya, don an koya masa tun yana yaro cewa tsohon rubutu shaida ne da ake bi a tsanake. Bayanin da ya yi kan saƙa da rini da cinikin Kano har yau masana tarihinmu na komawa gare shi. Turawa da yawa sun zo sun ga daji da namun daji. Shi ya ga ƙasa mai tarihi da malamai.

Injiniya Sabo:
Ɗan Damagaram, Barth mutum ɗaya ne, kuma kada a manta gwamnatin Ingila ce ta aiko ayarinsu. Kawo fitaccen ɗalibi ba hujja ba ce. Masu kare makarantar na yawan ambaton Heinrich Hertz, wanda ake auna zangon rediyo da sunansa. E, a can ya yi jarrabawar fita a 1875. Amma ajin ƙarshe kawai ya yi a Johanneum, kafin nan makarantar kuɗi ya yi da karatun gida, kuma mahaifinsa lauya ne da ya zama sanatan birnin. Irin wannan yaro ko'ina aka kai shi zai fita. Makarantar na ɗibar 'ya'yan gidan da littattafai suka cika bango, sai a ce Latin ne ya yi aiki.

Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. An ce karatun nan na gina mutum. A 1933 gwamnatin Nazi ta kafa dokar rage yaran Yahudawa a makarantu, a Nuwamban 1938 ta hana su shiga makarantun Jamusawa. Marubuci Ralph Giordano ɗalibin Johanneum ne, mahaifiyarsa Bayahudiya, sai da aka tilasta masa barin makarantar a 1940. Malaman da suka san Plato ciki da waje suna nan aka yi haka.

Malam Ɗanjuma:
Wannan ba abin musu ba ne, Injiniya, kuma duk mai ba da tarihin makarantar ya tsallake shi ya ci amanar tarihi. Ilimin harshe na gyara karatu, ba ya sa wa mutum tsoron Allah ko ƙarfin zuciya. Kan batun 'ya'yan masu hali ma ina tare da kai fiye da rabi. Sai dai laifin ya fi ƙarfin makaranta ɗaya, na tsarin ƙasar ne da ke raba yara tun suna shekara goma.

Hajiya Maman Nasir:
Nan ne ya kamata a tsaya, don shi ne amsar tambayar Baban Sadiya. A Jamus kowace jiha da dokar iliminta, kuma Hamburg jiha ce da kanta. Ana ƙirga aji ne a jere daga ɗaya har ƙarshe. Firamare shekara huɗu ce, ban da Berlin da Brandenburg da ke yin shida. Hamburg ta so ta mayar da tata shida, iyaye suka tashi, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Yulin 2010, shirin ya faɗi.

Daga wannan shekara sakandare iri biyu ce a birnin. Akwai Gymnasium, irin su Johanneum, aji biyar zuwa sha biyu. Akwai Stadtteilschule, wadda ke karɓar kowa, kuma ita ma tana kai yaro ga Abitur, takardar shiga jami'a, amma a aji sha uku. Jihohi irin su Bavariya da Niedersachsen sun mayar wa Gymnasium shekarar da aka rage mata, Hamburg ba ta mayar ba. Saboda haka yaron Johanneum na ɗaukar harsunan waje uku ne cikin shekara takwas. Kaya ne mai nauyi, a san da haka.

Yadda ake shiga: a ƙarshen Janairu ɗan aji huɗu ke karɓar sakamakon rabin shekara tare da shawarar malamansa. A Hamburg shawara ce kawai, zaɓi na iyaye ne. A farkon Fabrairu akwai makon rajista, ana rubuta makarantu uku bisa fifiko. Idan masu nema sun fi gurbi yawa, ana duba ko yaro na da wa ko ya a makarantar, da kuma nisan gidansu. Babu jarrabawar shiga.

Tarkon na ƙarshen aji shida. Aji biyar da shida na gwaji ne. Maki a Jamus daga 1 ne zuwa 6, 1 ta fi kyau, 4 ita ce tsira da ƙyar, 5 da 6 faɗuwa. Wanda sakamakonsa bai kai ba, musamman a Jamusanci da lissafi da harshen waje, makaranta ce ke yanke hukunci ya koma Stadtteilschule, iyaye ba su da ta cewa a nan. Kuma Hamburg ta kusa kawar da maimaita aji, darasin ƙari ake ba yaro. Yaro ɗan sha biyu ya rabu da abokansa da sunan ya gaza, wannan ciwo ne da kan daɗe. Uban da ya yi watsi da shawarar malamai don a ce ɗansa na babbar makaranta, ɗan ne zai biya.

Baban Sadiya:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. To yaron da Hausa ake yi a gidansu, Jamusancinsa na makaranta ne da titi, Latin zai taimake shi ko zai ƙara nutsar da shi?

Malama Rakiya:
Duka biyun na yiwuwa, Yaya, ga yadda za a gane. A Latin kowa daga sifili yake farawa, babu wanda ya sha shi a nono. Kuma darasin Latin ne wurin da ake kwance nahawun Jamusanci a bayyane, abin da ɗan Bajamushe ke yi da ka ba tare da ya san dalili ba. Yaro mai harshe biyu ya riga ya saba da cewa kowane harshe da yadda yake ɗaure maganarsa. Wannan riba ce gare shi.

Amma fassarar cikin Jamusanci ake rubuta ta, kuma ita ake dubawa. Idan ya gane Latin ɗin sarai ya kasa gina jimlar Jamusanci mai kyau, maki zai zube, ga shi ya riga ya zube a darasin Jamusancin kansa. Ma'aunin da zan bayar: a ƙarshen aji huɗu, yana ɗaukar littafin labari na Jamusanci ya karance shi don kansa? Yana da 2 ko sama a Jamusanci da lissafi? Yana iya zama minti talatin kan aikin gida ba a tsaye a kansa ba? In e ne duka, a kai shi, ko da iyayen ba su san harafi ɗaya na Latin ba. In a'a ne, Stadtteilschule da shekararta ta ƙari ta fi masa, ƙofar jami'a ɗaya ce.

A kuma lura da wannan. Wanda ya bar makarantar a aji takwas ko tara, a nema masa wadda ake koyar da Latin, don ana bukatar harshen waje na biyu kafin a sami Abitur. In aka kai shi inda 'yan ajinsa suka yi shekara biyu suna Faransanci, ya shiga wani ramin.

Auwalu Ƙarami:
Don Allah a yi mana bayanin makin Abitur ɗin. Ana cewa wani ya sami 1,0 wani 2,5, ba na ganewa.

Hajiya Maman Nasir:
Ƙanena, a shekara biyun ƙarshe ana barin 1 zuwa 6 a koma maki 0 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 shi ne 1, daga 10 zuwa 12 shi ne 2, daga 7 zuwa 9 shi ne 3. Jimillar duka 900 ce. Kashi biyu cikin uku, wato 600, daga aikin zango huɗu na aji sha ɗaya da sha biyu suke fitowa, kuma dole a sami aƙalla 200. Sauran 300 na jarrabawar ƙarshe ne, aƙalla 100. A Hamburg darussa huɗu ake zanawa, uku a rubuce ɗaya da baki, kowanne a ninka makinsa sau biyar. Mai 300 cif ya tsira da 4,0. Daga 823 zuwa sama 1,0 ne, irin sakamakon da masu neman likitanci ke fafutuka a kai.

Kuskure biyu ke kayar da yara. Na farko, su ɗauka sai jarrabawar ƙarshe za a dage, alhali tun makon farko na aji sha ɗaya ake tara makin, kuma magana a aji na da kaso babba a ciki. Yaronmu da aka tarbiyyantar kan yin shiru gaban babba na asarar maki a nan kullum, sai an gaya masa ɗaga hannu ba rashin kunya ba ne a wurinsu. Na biyu, maki 4 cikin 15, wato 4 mai rauni a tsohon ma'auni. A ƙananan azuzuwa yana cikin tsira, amma a nan duk abin da ya gaza 5 giɓi ne, kuma in giɓin ya yi yawa ba za a bar yaro ya zauna jarrabawar ba. Sifili kuwa kamar bai halarci darasin ba ne.

Ɗan Johanneum na iya fita da ƙarin takardu biyu, Latinum da Graecum, shaidar iya Latin da Girkanci. Ana neman su a karatun addinin Kirista da tsofaffin harsuna, wasu jami'o'i kuma a tarihi da falsafa da ilimin tono kayan tarihi. Wanda bai yi su a sakandare ba sai ya cusa su cikin zango biyu ko uku a jami'a.

Injiniya Sabo:
To kun ga, ga mai son injiniyanci takardun nan biyu ba su ƙara masa komai a wajen neman gurbi. Na yarda da Malama kan ɗabi'ar karatu a tsanake, amma lissafi mai kyau ma na koyar da ita. Ra'ayina bai canja ba: makaranta ce mai kyau ga yaron da harshe ke burge shi, ba ma'aunin ƙwaƙwalwa ba ce.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, saura batun addini da kuɗi, don shi iyaye za su fara tambaya. Makarantar da limamin coci ya kafa, yaro Musulmi fa?

Hajiya Maman Nasir:
Yau ta gwamnatin birni ce, ba ta coci ba. Darasin addini a Hamburg na haɗaka ne, yaran kowane addini a aji ɗaya, kuma ƙungiyoyin Musulmi na cikin masu tsara shi. Iyaye na da ikon cire ɗansu, a manyan azuzuwa kuma akwai falsafa a madadinsa. Tun yarjejeniyar da birnin ya sa wa hannu da ƙungiyoyin Musulmi a 2012, yaro na da damar hutun ranar Sallah ƙarama da babba, a dai sanar da malamin aji tun da wuri. Darasin iyo da tafiyar aji ta kwanaki kuwa wajibi ne, gara a je a zauna da malamin a yi maganar kayan sawa da abinci tun kafin lokaci, da a hana yaro zuwa a jawo takardar gargaɗi.

Kuɗin makaranta babu. Abin da ke cin aljihu shi ne tafiye-tafiyen aji da abincin rana. Gidan da ke karɓar tallafin gwamnati na da haƙƙin a biya masa waɗannan a ƙarƙashin shirin Bildung und Teilhabe, har da darasin ƙari in yaro na neman faɗuwa. A ofishin makaranta ake tambayar takardar, kuma a cike ta kafin ranar biyan kuɗin tafiyar ta zo.